SINADARIN DA KE GADIN HANTA YA KOMA KAYAN KWALLIYA

Duk wanda ya zaga shagunan sayar da kayan kwalliya a Ikko, ko Ibadan, ko Kano, ko Kaduna a 'yan shekarun nan, ba zai rasa ganin waɗansu kwalabe da fakitoci masu ƙyalli ba, waɗanda aka rubuta wa wani dogon suna na Turanci, watau gulutatayon. 'Yan kasuwa sun taƙaita shi, suna ce masa guluta. Akwai na haɗiya, akwai sabulu, akwai man shafawa, sa'an nan akwai na allura da na ƙarin ruwa, wanda a ke ɗaura wa amarya ana saura kwana kaɗan biki, ba kuwa a asibiti ba, a ɗakin gyaran jiki. Alkawarin da a ke yi wa mai saye guda ɗaya ne, wai fata za ta yi haske tun daga ciki, ba kamar man bilicin na da ba, wanda ya kan bar mace da farar fuska amma gwiwa da gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin.

Abin takaici shi ne wannan sinadari ba ƙarya ba ne. Da ƙarya ne, da abin ya zo da sauƙi. Yana daga cikin abubuwa mafiya muhimmanci da Allah ya sa a jikin ɗan Adam, masana kuma sun yi fiye da shekara 100 suna nazarinsa, nazarin da ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa, ya kuma canja yadda a ke haɗa magunguna a duniya. Amma cikin ilmin nan duka, ɓangaren da ya fi rauni shi ne ya cika kasuwannin ƙasar nan, alhali kuwa ɓangarorin da suka shafi rai da mutuwa an bar su a littattafan makarantar likitoci. Ya kamata jama'a su san abin da a ke sayar musu, hukuma kuma ta san inda ya cancanci ta sa ido.

Wani Bafaranshe ne ya fara lura da sinadarin a cikin yis a shekarar 1888, sa'an nan wani masani na Jami'ar Kambirij a Ingila, Frederick Gowland Hopkins, ya tace shi a 1921, ya raɗa masa sunan da a ke kiransa da shi har yau. Ƙaramin abu ne, tubali uku kawai aka haɗa daga cikin tubalan da jiki ke samu a abinci mai gina jiki: gulutamet, da sistayin, da gilaisin. Na farkon nan ba baƙo ba ne ga uwargida, domin shi ne a cikin farin magi. Na tsakiyar kuwa, watau sistayin, shi ne mai aikin, domin yana ɗauke da farar wuta, kuma a wannan ɗigon farar wuta ne duk ƙarfin sinadarin ya ke.

Mene ne aikinsa? Kowa ya san abin da ke samun ƙarfe idan an bar shi a waje da damina, ko man gyaɗa idan ya daɗe a buɗe. Iskar oksijin ce ke cin su. To, iskar nan ita ce mutum ke shaƙa, kuma kowace ƙwayar halitta a jiki tana ƙona abinci da ita don samun ƙarfi. Wuta kuwa ba ta rasa tartsatsi. Tartsatsin nan, idan an bar shi, sai ya lalata bangon ƙwayar, ya ɓata kayan aikinta, har ya taɓa rubutun gado da ke cikinta. Gulutatayon shi ne ɗan kwana-kwana na cikin ƙwaya. Da tartsatsi ya tashi sai ya tare shi da farar wutarsa, ya kashe. Wanda ya yi aiki ya gaji sai ya maƙale da ɗan'uwansa da ya gaji, su zama biyu-biyu, daga nan wani ma'aikacin, cikin sinadaran da masana ke kira enzayim, ya raba su, ya mayar da su bakin aiki da ƙarfin da aka samo daga sukarin jini. Kamar guga ne, a juye ruwa a kan wuta, a mayar da shi rijiya. Ƙwayar da ke da lafiya, kusan dukkan gugunanta cike su ke.

Aiki na biyu kuwa, kama guba. Idan wani mugun abu ya shiga jiki, gulutatayon ya kan manne masa, ya mai da shi abin da ruwa zai iya ɗauka, a fitar da shi ta matsarmama ko ta fitsari. Shi ya sa hanta ta fi kowace gaɓa tara shi. Kuma ba daga kanti ya ke zuwa ba, kowace ƙwaya ita ke ƙera nata a cikin gida.

PANADOL

Babu inda wannan magana ta fi shafar talaka kamar wajen farasitamol, wanda kowa ya fi sani da Panadol. Babu kemis, babu teburin mai tireda, babu tashar mota da ba a sayar da shi. Ɗan dako a Mile 12 ya kan haɗiyi biyu kafin ya fara aiki, ya ƙara biyu da rana, da dare kuma a haɗa masa waɗansu ƙwayoyi na gajiya, waɗanda bai san akwai farasitamol a cikinsu ba. Magani ne mai kyau, mai araha, ba mai musun haka. Amma idan ya shiga hanta, ko da ya ke mafi yawansa yana fita salin-alin, wani ɗan kaso, wanda bai wuce ɗaya cikin 10 ba, ya kan rikiɗa ya zama guba mai cin hanta. Gulutatayon ne ke kama gubar nan, shi ya sa mai shan ƙa'ida ba ya jin komai. Ƙa'idar kuwa ga babban mutum ita ce kada ya wuce giram 4 a kwana guda, watau ƙwaya 8 masu miligiram 500. Idan aka zarce sosai, sai rumbun gulutatayon ya ƙare, gubar ta rasa mai tare ta, ta afka wa ƙwayoyin hanta.

Mugun halin wannan guba shi ne yaudara. Ranar farko mutum ba ya jin komai sai ɗan tashin zuciya, 'yan'uwa su ce ai ya warware. Sai bayan kwana biyu ko uku idanu su yi rawaya, hankali ya gushe, a lokacin kuwa an makara.

A shekarar 1966 likitoci a Sikotilan suka fara ba da rahoton mutanen da farasitamol ya kashe wa hanta, kuma a wancan lokaci ba abin da likita zai iya yi sai kallo. A 1973 waɗansu masu bincike na cibiyar nazarin lafiya ta gwamnatin Amurka suka gano, ta hanyar gwaji a kan ɓeraye, cewa hanta ba ta lalacewa sai gulutatayon ɗinta ya kusa ƙarewa. Daga nan dabara ta fito. A nan ne mai karatu ya kamata ya lura da kyau: likitocin ba su ce a ɗura wa majiyyaci gulutatayon ba, domin ƙwayar hanta ba ta haɗiye shi ɗungum daga jini. Abin da suka yi shi ne ba hanta tubalin da ya fi yi mata wuyar samu, watau sistayin, a cikin wata siga da a ke kira asetil-sistayin, ita kuma ta ƙera nata. Wani likita a Edinbara, Laurie Prescott, shi da abokan aikinsa suka nuna a 1977 cewa ƙarin ruwa da wannan magani yana ceton rai. Idan an ba da shi cikin awa 8 da shan ƙwayoyin, da wuya hanta ta lalace. Yau yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata wata ƙasa ta rasa su ba.

To, tambayar da ya kamata kowane Kwamishinan Lafiya ya amsa ita ce, a babban asibitin ƙaramar hukuma, da ƙarfe biyun dare, akwai wannan magani a kan kanta? Ingila ta ɗauki wani mataki a 1998, ta hana kantuna sayar da fakitin da ya wuce ƙwaya 16, kantin magani kuma 32. A nan kuwa har masu dafa abincin sayarwa an samu suna jefa farasitamol a tukunya don nama ya yi saurin laushi, abin da hukumar NAFDAC ta yi gargaɗi a kansa.

Wanda ba ya cin abinci sosai, da mashayin giya, su ne rumbunsu ya fi saurin ƙarewa. Tun cikin shekarun 1980 masu bincike a Jamaika suka nuna cewa yara masu tamowa irin mai kumburi, gulutatayon ɗin jininsu ƙasa ya ke ƙwarai. Maganin wannan ba kwalba mai ƙyalli ba ce. Ƙwai ne, da nono, da kifi, da wake, da gyaɗa.

JININ GADO

Labari na biyu ya fi kusa da gida. Jajayen ƙwayoyin jini su ne 'yan dakon oksijin, saboda haka sun fi kowa zama kusa da wuta. Hanyarsu ta mayar da guga rijiya kuwa guda ɗaya ce tak, ta dogara ga wani enzayim da a ke kira G6PD. Akwai mutanen da aka haifa da ƙarancinsa, an ƙiyasta sun kai miliyan 400 a duniya, galibi maza, domin ta wajen uwa ɗa namiji ke gadonsa. Irin wannan mutum lafiyarsa lau, yana iya tsufa bai san yana da shi ba, sai ranar da ya gamu da abin da ya tayar da tartsatsi fiye da kima. Ran nan sai gulutatayon ya kasa komawa aiki, ƙwayoyin jini su farfashe, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, idanu su yi shawara.

Yadda aka gano abin ma abin lura ne. Lokacin yaƙin Koriya, farkon shekarun 1950, sojan Amurka sun riƙa shan wani maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna firimakwin, sai aka ga kimanin ɗaya cikin 10 na sojoji baƙar fata jininsu yana fashewa. Aka yi ta gwaji a kan fursunoni a wani kurkuku kusa da Shikago, irin gwajin da yau ba za a yarda da shi ba, har a 1956 aka gano inda matsalar ta ke. Daga baya, a asibitin koyarwa na Ibadan, wani likita ɗan Italiya, Lucio Luzzatto, tare da abokan aikinsa, suka buga bincike a 1969 da ya nuna cewa ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ba ta jin daɗin zama a cikin irin wannan jini. Watau dai abin ya yawaita a Afirka ne domin yana ba da ɗan kariya daga zazzaɓi. Bincike daban-daban a Nijeriya ya nuna tsakanin namiji ɗaya cikin 10 zuwa ɗaya cikin 5 yana ɗauke da shi.

A lissafa, a kowane layi na salla akwai su. Amma mutum nawa ne suka san matsayinsu? Jama'a sun fara gane gwajin sikila kafin aure, wannan kuwa ko sunansa ba a ji. Ga shi abubuwan da ke tayar da shi suna cikin ɗaki. Farin kafur ɗin nan mai dunƙule da a ke sa wa a akwatin kayan jariri don ƙamshi da korar kyankyaso, likitocin yara a ƙasar nan sun daɗe da danganta shi da muguwar shawarar jarirai, wadda kan taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi kurma ko shanyayye. Likitoci a ƙasashen Larabawa sun ba da rahoton jariran da lalle ya fasa wa jini. Waken ful da a ke karyawa da shi a Sudan da Masar shi ma yana cikin jerin, matafiya su sani. Haka kuma waɗansu magungunan asibiti.

Masu haɗa magunguna sun koyi wannan darasi da tsada. A 2003 aka fito da wani maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna Lapdap, wanda aka shirya musamman don Afirka, mai araha, aka kuma sa masa rai ƙwarai. A 2008 aka janye shi, aka dakatar da wanda a ke shirin ya gaje shi, domin gwaji ya nuna yana rage jinin yara masu ƙarancin G6PD har ya kai ga haɗari. Shekaru na aiki da kuɗi masu yawa suka tafi a banza. Da Amurka ta amince da wani sabon magani ɗan'uwan firimakwin a 2018, sai da sharaɗin a gwada jinin mutum tukuna. A yau kamfanonin magani su kan haɗa sabon sinadari da gulutatayon a kwalbar gwaji tun ba a je ko'ina ba, su ga ko zai rikiɗa ya zama guba mai cinye shi, in ya nuna alama a gyara shi ko a ajiye.

Wani lokaci kuma akasin haka a ke nema. Ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, mai sa wa mutum ciwon barci, shanu kuma sammore, ba ta dogara ga gulutatayon irin na mutum ba, tana da nata samfurin, wanda aka gano a 1985. Tun daga lokacin masana ke neman maganin da zai karya garkuwar ƙwayar cutar, ya bar ta mutum. Makiyayi bai san da wannan bincike ba, amma garkensa na cikin lissafin.

CIWON DAJI

Mai sayar da guluta ya kan ce ai ko bai sa haske ba, ba ya cutarwa, tun da jiki ma yana yin sa. Wannan magana ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Jiki yana yin sukari, yana yin gishiri a hawaye, amma ba wanda zai ce yawansu ba ya kisa. Ƙwayar ciwon daji tana girma da gaggawa, wutarta ta fi ta kowa tartsatsi, saboda haka ta fi kowa bukatar ɗan kwana-kwana. Sau da yawa irin waɗannan ƙwayoyi su kan tara gulutatayon mai yawa, su kama maganin da likita ya aiko ya kashe su, su yi waje da shi kamar kowace guba. Yana daga cikin dalilan da ke sa magani ya yi aiki da farko, daga baya ya daina.

Shi ya sa binciken zamani ya karkata ga yadda za a raba ƙwayar daji da wannan garkuwa. A 2012 masu bincike a Jami'ar Kolombiya ta birnin New York suka bayyana wata hanya da ƙwaya ke mutuwa idan an hana ta tubalin sistayin, kitsen bangonta ya yi tsatsa har ta fashe. A 2021 waɗansu a Jami'ar Rockefeller suka gano ƙofar da gulutatayon ke bi ya shiga 'yan injinan wuta da ke cikin ƙwaya. Duk wanda ya san ƙofa kuwa, yana iya neman kwaɗon rufe ta. A Suwidin, a 2014, aka ba ɓeraye masu ciwon dajin huhu asetil-sistayin ko bitamin E, sai ciwon ya ƙara sauri, suka riga 'yan'uwansu mutuwa. Gaskiya ne ɓera ba mutum ba ne. Amma tun a 1994 wani babban gwaji a ƙasar Finlan, na maza masu shan taba wajen 29,000, ya nuna cewa waɗanda aka ba wani sinadarin hana tsatsa, irin wanda ke cikin karas, sun fi kamuwa da ciwon dajin huhu. Ba a ce guluta yana kawo ciwon daji ba. Abin da a ke cewa shi ne, masanan da suka ƙare rayuwarsu a kan wannan sinadari suna taka-tsantsan da shi, mai ɗakin gyaran jiki kuwa yana ɗura shi a jijiya ba ko tambaya.

To, shin yana ma sa hasken? A kwalbar gwaji yana rage aikin enzayim ɗin da ke yin baƙin launin fata, daga nan maganar ta samo asali. A jikin mutum kuwa, gwaje-gwajen da aka yi ƙanana ne, na 'yan makonni. Wanda aka fi ambata, na ƙasar Tailan a 2012, ɗalibai 60 ne kawai na tsawon mako 4, bambancin da aka gani kuma ɗan kaɗan ne. Wanda aka haɗiya, hanji ya kan farfasa mafi yawansa ya koma tubalansa uku, kamar kowane abinci. Wanda aka ɗura a jijiya kuwa, cikin 'yan mintoci rabinsa ya bar jini. Fata kuma tana sabunta kanta kullum bisa ga rubutun gado, da an daina sai ta koma yadda ta ke, wanda shi ne ainihin abin da ɗan kasuwa ke so, domin mai saye za ta dawo.

Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ce ba ta amince da wata allura ta sa hasken fata ba. Ta ƙasar Filifin, inda wannan yayi ya yi ƙarfi tun kafin ya iso nan, ta yi gargaɗi a 2011, ta sake a 2019, tana ambaton lalacewar ƙoda da wani mugun ciwo mai saɓule fata. A Ghana, a 2018, sai da hukuma ta fito ta ja kunnen mata masu ciki da ke shan ƙwayoyin wai don jariri ya fito fari. A Nijeriya NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin babbar barazana ga lafiyar al'umma a 2023. Bayan wannan duka akwai haɗarin allurar kanta, wadda ba a san inda aka haɗa ruwanta ba, ba a san hannu nawa ta bi ba, a ƙasar da ciwon hanta mai bin jini ya riga ya yi yawa.

Ba matan kaɗai za a ɗora wa laifi ba. Muddin samari da uwayen miji suna auna amarya da launin fata, muddin mawaƙa da 'yan fim suna yi wa fari kirari, kasuwar nan ba za ta mutu da sanarwar rediyo ba. Amma akwai abin da ke hannun hukuma tun yau. Ɗaura wa mutum ruwa aikin asibiti ne, duk wanda ya yi shi a shagon kwalliya ya kamata a rufe shagon a gurfanar da shi, ba sai an jira wata amarya ta faɗi ba. Ma'aikatun Lafiya na jihohi su tabbatar akwai asetil-sistayin a kowane babban asibiti, ma'aikatan ɗakin gaggawa kuma su san awa 8 ɗin nan kamar yadda suka san sunansu. Masu kemis a tilasta musu daina haɗa wa mutane ƙwayoyi barkatai a ƙullin leda ba tare da suna ba.

Gwajin G6PD kuwa, yanzu akwai 'yar na'ura da ke yin sa da ɗigon jini daga yatsa cikin 'yan mintoci. A fara da jarirai maza a asibitocin haihuwa na gwamnati, a rubuta sakamakon a katin rigakafi, inda kowane malamin asibiti zai gani kafin ya rubuta magani. Ungozoma da ma'aikatan awon ciki kuma su riƙa gaya wa kowace mai jego, kafin a sallame ta, ta fitar da kafur daga akwatin kayan jariri, ta wanke kayan ta shanya a rana, idan kuwa ta ga idon yaro ko tafin hannunsa ya yi rawaya a makon farko, ta kai shi asibiti ran nan, kada ta jira sai an yi suna.